Darasin Ranar Laraba a Kware

Da guntun alli na shiga aji huɗu,
sabon malami, rigata da sauran karin guga.
Na ja layi mai lanƙwasa a allo, na ce kogi,
na ja ɗan siriri ya faɗa cikinsa, na ce rafi,
na zana bakin tukunya, na ce tafki,
ruwan da ya samu wuri ya zauna, ba tafiya ba dawowa.

Yara arba'in da bakwai suka maimaita,
'ya'yan masunta, 'ya'yan manoman fadama,
waɗanda kaushin ƙafarsu ya san laka
tun ban san hanyar Kware ba.
Ta taga kuwa ga tafkin can yana ƙyalli,
bai yi kama da bakin tukunya ba ko kusa.

Na ce tsauni, na ɗaga alli sama.
Na ce kwari, na sauko da shi.
Kwazazzabo, inda ruwa ya yi fushi ya yage ƙasa.
Tsibiri, na ce, tudu ne da ruwa ya yi wa zobe,
ku rubuta, zai fito a jarrabawa.

Sai Arzika ya ɗaga hannu daga bencin baya,
mai tabon ƙugiya a babban yatsa.
"Malam, mu gulbi muka ce ma kogin ga.
Kuma tudun da Baba ka shibka gero,
da damina sai da jirgi,
da rani ko jaki na zuwa bai jiƙa kofato ba.
To mi za ni rubutawa?"

Na duba littafi, shafi na ashirin da uku.
Littafi bai san damina ba.
Tsibirinsa na nan daram tun ranar da aka buga shi,
da bishiyar kwakwa guda a tsakiya.
Na ce, "Rubuta tsibiri." Na yi tari.
"A ƙasa kuma ka ƙara: wata huɗu."

Da muka iso teku aji ya yi tsit.
Ni ma a hoto na gan ta, ban faɗa musu ba.
Na ce ruwa ne da ba a hango ƙetarensa,
ga gishiri, ba ya kashe ƙishirwa.
Ige ya ce asara, duka aji suka fashe da dariya.

Tumba ba ta yi dariya ba.
Ta ce, "Rima ina ta nuhwa in ta wuce mu?"
Na bi mata da yatsa a taswirar da gara ta ci gefe:
nan ta gamu da gulbin Sakkwato, mahaɗa ke nan,
ta ratsa Argungu, ta gangara ta faɗa Kwara,
Kwara ta kwashi kowa sai teku.

Ta daɗe tana kallon shuɗin da ke ƙasan takarda.
"Ashe can ƙwaryar Inna take,
wadda ambaliya ta ɗauka bara tare da akuyarmu."
Ban ce e ba, ban ce a'a ba.
Aka buga ƙarfen tashi.

Ran Asabar Nomau, mahaifin Arzika, ya fitar da ni a jirgi.
Yana tura gora yana kiran sunaye:
nan mashaya, nan mafita,
nan gurbi ne, ya ci mutum biyu, janye hannunka,
waccan gaɓa shekara uku da suka wuce gona ce.
Na laluba aljihu don in rubuta,
na tarar allin ya jiƙe,
ya zama farin kunu a yatsuna.